Wasiyyar Baba Abakar Tana Cikin Gwaggo

Zuwa ga ƙanena Mutari, a Belleville.

"Yaya, ki ba ni zuwa azumi. Zan tashe ta, in fitar da komai, in kawo miki da hannuna."

Maganarka ce, ban ƙara ba, ban rage ba. A bakin ƙofata ka faɗe ta, kana rungume da tsohuwar kwamfutarmu cikin bargona mai ruwan toka, taksi yana jiranka a ƙasa. An yi azumi uku tun daga ranar. Ko bargon bai dawo ba.

Yanzu sai gaisuwa, tunda Inna ba ta haife mu marasa ladabi ba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya. Ina aiki, ina sanyin Paris, ina maƙwabta? Ina kuma wayarka, wadda na tabbata lafiyarta lau, tunda in na kira tana ƙara har ta gaji don kanta? Mu nan Lyon sai godiyar Allah, ban da Baba Abakar, wanda saboda shi na zauna wannan rubutu.

Tun ranar Asabar nake nemanka. Na bar saƙo da Hausa, na bar da Faransanci, ko Allah zai sa ɗaya ya shiga. Shiru. Amma jiya da hantsi wani mutum da ba ka taɓa gani ba ya yi tambaya a dandalinku na masu son tsofaffin kwamfutoci, wai ramin disket ɗinsa, ɗan faifan ajiyar nan na da, ya daina haɗiya. Kafin shayina ya huce ka ba shi amsa sakin layi huɗu, har da hoto da kibiya ja. To, tunda nan ne gidanka yanzu, nan na biyo ka. Na rubuta da Hausa don abokanka Turawa su ga baƙaƙe su wuce. Namu kuwa su karanta, don abin da ke cikin akwatin nan nasu ne, ajiya aka ba ka.

Ga halin da ake ciki. Juma'ar da ta wuce Baba Abakar ya faɗi a shagonsa na yadi a Guillotière, yana auna wa wata mata shadda. Rabin jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Yana kwance a asibiti, ido buɗe. Lokotoro, likitar da ke duba shi, ta ja ɗiyarsa Falmata gefe ta ce a shirya, kwanaki ne, in Allah ya ja, mako biyu. Ka san Falmata ita kaɗai gare shi, nan aka haife ta, nan uwarta take kwance a ɓangaren Musulmi na maƙabarta. Tana so a sa shi kusa da matarsa. Ƙanensa Alhaji Yusufa kuwa ya sauko daga unguwar Porte de la Chapelle ta Paris da carbi a hannu da magana ɗaya a baki: Njamena za a kai shi, gefen ubansu.

Ranar Lahadi ina tsaye tsakaninsu a barandar asibiti. Alhaji ya ce, "Ke yarinya, in aka sauke ki a filin jirgi, kin san hanyar gidan kakanki?" Ta ce wa baffan nata, "Tonton, kai ka san hawa nawa ne benenmu? Ni nake yanke masa farce shekara goma." Ya ce tarbiyyar Turawa ke nan. Ta ce gara ita da zumuncin waya. Ƙofar ɗakin a buɗe take, Mutari. Tsohon yana jin su. Mun gwada a ce ya ƙifta ido in ya yarda. Ya ƙifta wa Falmata, ya ƙifta wa Alhaji, ya ƙifta wa mai shara da ta shigo da bokiti.

Abu ɗaya kawai Malam liman ya samu suka yarda da shi, har suka ɗora hannu: abin da Baba ya gaya wa Gwaggo, shi za a bi. Za a zauna ranar Juma'a bayan an sauko. Gwaggo kuwa, tsohuwar kwamfutar nan tamu, tana falonka a Belleville, cikin akwatin gilashi.

Kana gaya wa abokanka wai ka "samo" ta a Lyon, kamar wanda ya tono tukunyar zinariya. Ni na gan ta. A bakin titi a Villeurbanne, ranar da ake fitar da tarkacen gida, tsakanin wata katifa da kujera mai ƙafa uku. Ina shekarata ta biyu a jami'a, kai watanka uku da sauka daga Damagaram, kana sanye da rigar sanyi biyu a watan da Turawa ke yawo da singileti. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce ta mijinta ce, tana aiki, ganinta ne ba ta son yi. Ni na ɗora allon a ka kamar tulu, duk mutanen bas suna satar kallona, kai ka rungumi cikinta. Bene hawa biyar, babu asansar da za ta hau da mu, sai matakala. A hawa na uku ka zauna ka ce in ta ƙi tashi, ta taga za ka sauke ta.

Ta tashi. A lokacin ma tsohuwa ce, 'yan ajinku dariya suke maka. In ka danna ta sai ta yi tari, ta yi gurnani, ta ƙirga abin da ke kanta da fararen lambobi a baƙin allo kamar mai ƙirga jikoki, ta yi ƙara ɗaya, sannan ta tsaya da ɗan layinta yana ƙiftawa. Kai ka ce, "Wallahi Yaya, Gwaggo Tabawa ce in an tashe ta da safe." Sunan ya zauna.

Ba ta gaisuwa, ba ta nuna hoto, ba ta tayi. Sai ka rubuta mata umarni daidai. In ka kauce ta ce ba ta san wannan ba, ta koma ta yi shiru, ko a jikinta. Ka rubuta mini umarni biyar a bayan tikitin bas ka manna a gefen allo, da su na rayu shekara guda. Daga baya ka ce za ka ɗora mata tsarin tagogi. Disket fiye da goma muka riƙa ba ta ɗaya bayan ɗaya kamar masu jinya, a ta tara ta tofar, muka koma farko. Sau biyu. Ranar da tagogin suka buɗe, kibiya ta motsa da ka motsa linzami, ka tashi ka taka rawa a kicin har maƙwabcin ƙasa ya buga silin da sandar tsintsiya.

A kanta na buga kundin kammala karatuna. Ta cinye mini babi guda sukutum, na yi kuka, na sake rubuta shi, ya fi na farko, na yafe mata. Da ka haɗa ta da layin tarho, kukan da take yi kafin ta shiga kamar an kama zabi goma a buhu. Inna tana can Damagaram ta yi layi a gidan waya, ta buga ta ji a toshe, ta sake ta ji a toshe. Da ta same mu ta ce, "Wace ce wannan Gwaggon da ke hana ni jin 'ya'yana? Daga wane ɓangare take, na ubanku?"

Ka ga ni ma ina kewarta. Kar ka zaci kai kaɗai ke da zuciya. A ɗakin karatun da nake aiki, na'urorin yanzu su ke ba ni umarni. Mutane na layi da littattafai a hannu, sai ta ce in dakata tana gyaran kanta. Tana so ta san inda nake, da wa nake, me na karanta jiya. Gwaggo ba ta taɓa tambayata daga ina nake ba. Abin da ka ba ta shi take riƙewa, ba ta kai wa kowa. In za a kashe ta kuma sai ta kintsa, sannan ta rubuto da baƙaƙe ruwan lemo cewa yanzu ana iya kashewa lafiya.

Ka san wa ya fi kowa girmama wannan rubutun. Rakiya, matarka, Allah ya jiƙanta. Da aka kawo ta amarya daga Maraɗi tsoron Gwaggo take ji, har ta ɗinka mata mayafi mai sirfani tana rufe ta kamar kwanon tuwon maigida. In ka kai hannu za ka kashe da gaggawa sai ta kaɗe maka yatsa ta ce, "Dakata mana, ba ta sallame mu ba."

Na karanta abin da ka rubuta a dandalin nan watan jiya. Ka ce na'urar da, jira take, ba ta yin komai sai mai ita ya yi magana, shi ya sa mutum yake jin shi mutum ne a gabanta. Rubutu mai kyau, ya fi rabin littattafan da nake jerawa a wurin aiki kullum. Na ga hoton da ka sa. Ka wanke ta ta koma fara, ka cire madannai ɗaya ɗaya ka goge da auduga, har ɗan tambarin gabanta ka sake mannawa. Sai na ƙara girman hoton, tunda Allah ya yi ni da bin diddigi. Igiyar wutarta tana gefe, a naɗe, an ɗaure ta da zare. Mutum ɗari sun yaba maka, ba wanda ya lura. Ni na lura. Mai wa'azin na'ura mai jiran umarni ya bar tasa tana jira shekara uku.

Bari in tuna maka yadda wasiyyar mutane ta shiga cikinta, tunda a rubuce-rubucenka ban taɓa ganin ka ambata ba.

Shekarar da wani bawan Allah ɗan Tawa ya rasu a ɗakinsa ba mata ba ɗa, gawarsa ta yi mako uku a firjin asibiti, dangi na can suna cewa a kawo, abokan nan suna cewa ya ce a bar shi. Ba wanda ya san gaskiya. Bayan an rufe shi ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Lyon ta zauna a falona. Na ce a buɗe littafi, kowa ya faɗi abu uku tun yana da baki: ina za a sa shi, wa zai wanke shi, wa za a fara kira. Dattawa suka ƙi. Baba Abakar ne ya faɗi abin da ke ransu. Ya ce, "Hajiya Balkisa, in na rubuta a takarda, ɗiyata za ta gani, ƙanena zai ji, su kashe ni da surutu kafin ranata ta zo. A bar ni in ci tuwona lafiya."

Sai ka ɗaga hannu daga bakin ƙofa. Lokacin mun sayi sabuwa, mai hoton koren tudu da shuɗin sama, Gwaggo tana kusurwa ba aikin fari ba na baƙi, an cire ta daga layin tarho. Ka ce za ka rubuta mata ɗan shiri da hannunka, a baƙin allon nan, kowane mutum da ɗakinsa a ciki. In aka rubuta suna ɗaya, ɗakinsa kaɗai zai buɗe. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa mata gefe, ya ce, "Wannan ba ta san kowa a Njamena ba ko?" Ka ce ko ɗaya. Ya ce to ya yarda.

Ni kuwa, da nake cin abinci da takarda, da na sha riƙe littafin da ya girmi kakan kakanmu ana karanta shi tas, na miƙe na ce na'ura ta fi. Na faɗa da ƙarfi, da misalai, kamar yadda na saba. Wannan laifina ne, na rubuta shi nan kowa ya gani.

Rakiya aka zaɓa ta riƙa bugawa, don duk Lyon an san abin da ya shiga kunnenta ya shiga rijiya. Kowace Lahadi bayan azahar mutane su cika falo ana shan shayi, a riƙa shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya, a rufo ƙofa. Muna jin tak, tak, tak, da yatsa biyu take bugawa. Wani ya fito yana dariya, wata ta fito tana share ido da gefen mayafi, ba mai tambayar wani. Ita ta rantse gaban Malam ba za ta faɗa ba. Kai ka rantse za ka riƙe kalmar sirri, ba za ka leƙa ɗakin kowa ba sai ranar da mai ɗakin ya kasa magana.

Za ka ce ai an yi kwafi. An yi. Disket biyu, aka damƙa wa Malam amana. Ranar Litinin na je na karɓo su. Ka san inda ya ajiye su duk shekarun nan? A kan babbar lasifikar masallacinmu na ɗakin ƙasa, a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Na kai su wajen mai gyara, ya sa ta farko, ya sa ta biyu, ya dube ni. Ƙarfen maganaɗisun da ke cikin lasifikar ya share su fes. Da na gaya wa Malam sai ya ce, "Hajiya, ai na duba duk masallacin, nan ne ya fi tsayi, nan kuma kiran salla yake fita. Na ce su sha albarka." Na buɗe baki in yi faɗa, ban sami wanda zan yi wa ba. Shi ya riƙe amana yadda ya san ana riƙe ta. Ni da kai muka san abin da maganaɗisu ke yi wa disket, muka miƙa masa muka ce ya adana, ba mu ƙara kalma ɗaya ba.

Don haka yau duk duniya wuri ɗaya ya rage. A shekarun nan uku mutum biyu sun rasu cikinmu, Allah ya rufa asiri iyalansu bakinsu ɗaya, ba a nemi Gwaggo ba. Ka ɗauka haka za a yi ta tafiya.

Azumin farko ka ce kana jiran wasu ƙananan kaya daga Jamus. Na biyu ka ce faifan cikinta ya daɗe a kwance, in aka tashe shi ba shiri yana iya mutuwa nan take, sai ka sami hanyar kwafe shi tukuna. Na tambaya, an ce mini gaskiya ka faɗa, hakan na faruwa. An kuma ce mini faifan da aka bari a kwance shi ma mutuwa yake, a hankali, ba mai ji. Wannan rabin ba ka gaya mini ba. Azumi na uku ba ka ce komai ba, ka aiko mini da hoton jinjirin wata da barka da shan ruwa.

Mutari, ƙanena. Ni na goya ka. Na san yadda kake yi in ka fasa abu, sai ka share wurin ya fi ko'ina tsabta. Da na ga yadda ka wanke na'urar nan na san ba faifai kake tsoro ba. Na daɗe ina juya ko in faɗi wannan a gaban mutane. Amma duk namu sun sani, kawaici kawai suke maka, kawaicin kuwa ga inda ya kawo mu.

Rakiya ma tana da ɗaki a ciki.

Ciwon kwana huɗu ta yi, cikin zafin watan da duk Lyon ke tafiya hutu. Ranar da ta cika muka dawo gidana, kai ka zauna a ƙasan kicin ka jingina da firji. Waya ta yi ƙara, ni na ɗauka. Mahaifiyarta ce daga Maraɗi. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Balkisa, ni na ba ku ita da ƙafarta. Ku maido mini ko yaya take." Na ce, "Za mu kawo miki ita, Inna." Ban tambaye ka ba. Ban tambayi kowa ba. Da na ajiye waya na ga ka ɗaga kai kana kallon ƙofar ɗakin da Gwaggo take. Na ga ka kalla. Na ce, "Babu lokaci."

Akwai lokaci. Tashin Gwaggo bai kai tafasar ruwan shayi ba, na sha gwadawa. Tsoro na ji kar mu buɗe mu ga abin da zai sa in sake kiran tsohuwar nan in ce na fasa. Mu da muka tara mutane muka ce kowa ya faɗi nasa don kar a yi masa shisshigi, mutum na farko da muka yi wa shisshigi ita ce wadda ta buga musu da yatsunta.

Na san lissafin da kake yi, don ni ma shi nake yi in ina jera littattafai. In ta rubuta a bar ta nan kusa da kai, to mun ɗauke ta mun kai inda ba ta ce ba, ba ka da ko kabarin da za ka je ka zauna. In kuma ta rubuta a mai da ta gida, mun yi daidai, amma sai ka kwana da sanin cewa da aka rufe mata ƙofa ita kaɗai, ba gefenka ta zaɓa ba. Ko wanne ne, ciwo ne. Shi ya sa ka ɗauke akwatin ka kai Paris, ka wanke shi, ka sa a gilashi, kana rubuta masa kirari. Muddin igiyar nan tana naɗe, Rakiya ba ta ce komai ba tukuna.

Ban zarge ka da wannan ba. Da ni ce mijin, wataƙila da na yi abin da ya fi haka. Da abin naka ne kai kaɗai, wallahi da na bar ka da gilashinka har ka tsufa. Amma akwai tsoho a gadon asibiti yana jin ɗiyarsa da ƙanensa suna yanka juna a kansa, alhali ya riga ya faɗi abin da yake so, sarai, da bakinsa, ga wadda muka ce masa ya amince da ita. In ya cika ba a buɗe ba, ɗayansu zai yi nasara da ƙarfin murya, ɗayan kuma ba zai sake taka gidan ɗan'uwansa ba. Falmata ba ta da kowa a ƙasar nan sai wannan baffan da take zagi. Jiya ta riƙe mini hannu a bakin asansar ta ce, "Tantie, ko Njamena ya ce, zan yarda, je te jure, na rantse miki. In dai shi ya ce."

Abin da ake nema gare ka kaɗan ne. Ka kwance zaren, ka sa igiya a bango, ka danna. Ka bar ta ta yi tarinta. Ka rubuta kalmar sirri, ka rubuta suna ɗaya, Abakar. Kai ka gina ɗakunan, ka san ɗaya ba ya buɗe ɗaya. Ka ɗauki hoton allon ka aika wa Malam, ya ce hakan ya isa, ya kuma ce rantsuwarka ba ta hana ba tunda mai ɗakin ya kasa magana. In faifan ya mutu a hannunka kana cikin gwadawa, ni zan tashi ranar Juma'a in gaya wa jama'a ka yi iyakar yinka, duk wanda ya buɗe baki a kanka da ni zai yi. In hannunka ya ƙi, ka kira ni. Zan zo in zauna kusa da kai, in juya wa allon baya, in riƙe maka ɗayan hannun. Ba sai ka ce mini komai ba. Ka bar wayar ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe, zan gane.

In ba ka yi ba, ga abin da zai faru, don kar ka ce an yi maka ba-zata.

Mai gyaran da ya duba disket ɗin, wani dattijo ne a Villeurbanne da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, da gangan na zaɓe shi. Ya ce in aka kawo masa na'urar zai buɗe cikinta ya ciro faifan ya ɗora a wata. Ba ya buƙatar kalmar sirrinka, ya ce makullin ɗalibi ne. Amma ɗakunan da ka gina ba za su tsira ba. Rubutun zai zubo gaba ɗaya, doguwar igiya ɗaya, bi da bi yadda aka shiga ɗakin, ba bango ba ƙofa. Kuma bai yi mini alkawarin Gwaggo za ta sake tashi bayan haka ba. Wani zai zauna ya bi rubutun nan da ido har ya kai ga sunan Baba, ya ratsa asirin mutanen da yake gaisawa da su kowace Juma'a. Ni ce zan zauna. Ina neman gafararku tun yanzu, ku da kuke karantawa kuka san kun shiga ɗakin nan.

Baba Abakar kuwa, duk da shi ya fara yarda, shi ne na ƙarshe da ya shiga. Ya yi ta ja, wannan Lahadi ciwon ƙafa, waccan baƙi. Ranar da ya shiga ya daɗe har shayi ya ƙare, ya fito yana gyara hula ya ce, "Na gaya wa Gwaggo, ta yi gurnani, ta karɓa." Yana fita Rakiya ta leƙo ta ce, "Yaya, ku ba ni minti biyar, saura ni." Ta mai da ƙofa. Don haka inda nasa ya ƙare, layi na gaba nata ne. Allo ɗaya. Ba yadda zan karanta ƙarshen nasa idona bai sauka a farkon nata ba.

Wa'adinka Laraba, kiran azahar na Lyon. In Malam bai ga hoto ba, in wayata ba ta yi ƙara ba, Alhamis da safe ina cikin jirgin Paris. Makullin da ka ba ni ranar da ka tare yana jakata. In ka sauya kuba, zan zauna a matakalar benenka tare da Falmata har ka fito, ka gaya mata da bakinka. Zan ɗauki Gwaggo, zan kai ta a buɗe ta, ranar Juma'a zan karanta wa Alhaji da Falmata abin da Baba ya ce, kalma da kalma.

Abin da na gani a ƙarƙashin sunan Rakiya kuwa ba zan gaya maka ba. Ko ka tambaya, ko ka roƙa. Ba don mugunta ba, don ba ni aka ba wa izinin buɗe ɗakin ba, kuma na riga na yi magana a madadinta sau ɗaya. Zan sani, kai ba za ka sani ba, kowace Sallah ka zauna gabana kana duba fuskata.

Allah ya sassauta wa Baba Abakar, ya sa ya kwanta inda ya roƙa. Allah ya jiƙan Rakiya, ya yafe mini abin da na yi mata cikin gaggawa. Kai kuma, ɗan Inna, Allah ya ba ka ƙarfin yatsa ɗaya kafin Laraba.

Yayarka,
Balkisa
Lyon